Lallen Gidan Hajiya Falmata

Kun zo min da waya a hannu kuna nuna min wani da ya yanki reshe ya soka a leda, kafin a ƙifta ido ya yi ganye. Kuka ce, "Baba, ashe sana'ar nan ba ta da wuya, wuri kawai za ka ba mu." Na yi dariya, don ni ma da irin wannan bakin na shigo ta. To tunda kun nace sai kun koya, bari in ba ku labarinta tukuna, kowa ya ji da kunnensa kafin ya ɓata takalminsa da taɓo.

Aikin farko da Baba Ilu ya ba ni shi ne huda gwangwani. Baba Ilu shi ne maigidana, shi ya kafa lambun nan da kuke gani a bayan ganuwa, gab da Ƙofar Kabuga. Mahaifina ne ya kawo ni wajensa ina saurayi, bayan an gwada ni a ɗinkin hula an ga ba ni da zama. A lokacin babu ledar ruwan nan da muke cikawa da ƙasa yanzu. Gwangwanin madara da na tumatir muke tarawa, in zauna da ƙusa da dutse in yi ta huda gindinsu don ruwa ya sami hanyar fita. Rani guda na yi ina wannan, ina haɗa ƙasa, ban taɓa reshe ko ɗaya ba. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Sabi'u, wanda bai iya gyara wa baƙo shimfiɗa ba, me ya kai shi gayyato baƙo?" Ya ci gaba da abin da yake yi.

Ƙasar ma ba kowace ba ce. Ƙasar jigawa ake samu, a zuba yashi, a kawo takin shanu wanda ya daɗe ya huce. Ɗanyen taki ƙona reshe yake yi, ku riƙe wannan. In na gama cakuɗawa sai Baba Ilu ya zo ya damƙi ƙasar ya dunƙula. In ta dunƙulu, ya taɓa ta da yatsa ta wargaje, to ta yi. In ta maƙale kamar tuwo sai ya ajiye min ita a tafin hannu ya wuce, ba faɗa ba zagi, ni na san abin da ya rage min.

Sai da damina ta faɗi sannan ya bar ni na riƙe wuƙa. Wuƙar tasa tsohuwar askar wanzami ce, wasawa ta cinye ta har ta koma siririya, ga ta nan a aljihuna har yau. Almakashin da kuke sayowa a kasuwa yana da kyau wajen aske shinge, amma in ya dakushe matse reshe yake yi, ba yanka ba, kuma reshen da aka matse ruɓewa yake yi. Ana yanka ne ƙasa da gaɓa kaɗan, don daga nan saiwa take fitowa. Gindin a yanke shi a karkace, saman a yanke shi daidai, yadda ko an cakuɗa su a bokiti za ka san kai da gindi. Duk wanda ya ce muku bai taɓa kafa reshe kai a ƙasa ba, to bai daɗe a lambu ba. A rage ganye, a bar ɗaya ko biyu a sama. A yanka da sassafe reshe yana cike da ruwansa, kuma daga wuƙa sai cikin jiƙaƙƙen buhu, kada a bari rana ta gan shi.

Kowace bishiya da halinta, kamar mutane. Cediya ba ta da fushi, ka sari reshe kamar taɓarya ka kafa a ƙofar gida, in dai awaki sun bar ta, jikokinka za su sha inuwa. Zogale da shuwaka su ma 'yan sauƙi ne. Rumman yana son reshe mai kaurin alƙalami, wanda ba ɗanye shar ba, bai kuma tsufa ba. Inabi sai lokacin sanyi, in ya zubar da ganye. Amma fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katangar masu hali, wannan mayaudariya ce. Sai ta fito da toho kore shar ka yi ta murna, alhali abincin da ke jikin reshen take ci, ƙasa babu saiwa ko ɗaya. Ranar da abincin ya ƙare sai ka zo ka tarar da ita a langaɓe. Abin da wayarku ba ta nuna muku ba ke nan. Ganye ba shi ne shaida ba, kuma ba a tumɓuke reshe don a duba ko ya kama. Jira ake yi, ana ban ruwa daidai, ana korar gara da toka.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Akwai Alhajin da zai tsaya da mota, ko fitowa ba zai yi ba, ya ce yana son bishiyar da za ta yi masa inuwa kafin bikin 'yarsa wata mai zuwa. Akwai malamin da ke son inabi ya hau rumfar da yake ba da karatu, ya dawo duk Juma'a ya ba ka labarin tsawon da ya ƙara. Amma yawancin aikina da matan cikin birni na yi shi, kuma kun san gidajen cikin birni ba a shiga. Rabin itatuwan da na raina ban taɓa ganin inda suka girma ba. Iyakata soro. In rumman ya yi ciwo sai a tsinko ganye a miƙo min ta bayan asabari, in juya shi, in shinshina, in ce a rage ruwa ko a daina zuba masa ruwan wanki. Haka muke yi, kamar mai magani da majinyacin da bai taɓa gani ba.

A cikin irin waɗannan gidaje akwai ɗaya a Soron Ɗinki, gidan Barebari ne da suka daɗe a Kano har ba mai tuna zuwansu. Uwar gidan ita ce Hajiya Falmata. A tsakar gidansu akwai lalle, wanda suka ce kakar mijinta ce ta taho da reshensa daga Barno a cikin jiƙaƙƙen tsumma. Suna da wata al'ada tasu su kaɗai. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji, sai an yanki reshen lallen nan an raina shi, ranar kai amarya a tafi da shi tare da kayan ɗaki, ta dasa a inda ta je. Da can matan gidan ne ke kafawa da kansu. Da suka ga rabi yana mutuwa, sai suka fara aiko wa Baba Ilu. Da Baba Ilu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, aikin ya dawo hannuna.

Ranar da na fara zuwa karɓar rassan ina tafe da gwangwanaye a kwando. Na yi sallama a soro, sai na ji muryar mace daga ciki, mai kauri, ba ta gaggawa.

"Wane ne?"

"Sabi'u ne, na lambun Baba Ilu."

"Ɗan Ilu. To, ka iya ko kuwa gwaji za ka yi da nallena?" Haka take kiransa, nalle, irin na mutanensu.

Na ce, "Hajiya, in Allah Ya yarda zai kama."

"Allah Yana yarda. Kai nake tambaya."

Aka miƙo min ƙunshi a cikin farin ƙyalle, yana ta ƙamshin turaren wuta. Tun daga ranar har ta tsufa na manyanta, ɗan Ilu take ce min, ko da furfura ta cika min gemu. Duk shekarar da za su aurar da 'ya, da farkon damina sai a aiko in je. In karɓo ƙunshi, in raina, in mayar musu da duk abin da ya kama. Ko ɗaya ban taɓa ragewa a lambu ba, don Baba Ilu ya hore ni cewa irin gidan mutane amana ne, ba a riƙe shi sai da izininsu. Lallen kuwa na kirki ne. Matan unguwa sun ce in aka ƙunsa shi, jan har baƙi-baƙi yake yi, kuma yana daɗewa bai koɗe ba.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Bazara ta yi tsawo, hadari ya haɗu gabas ya yi baƙi, mu fito muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Rijiyar lambun nan da ba ta taɓa ba mu kunya ba ta ja baya, sai ka saki guga ka jawo rabinsa laka. Ledoji suka yi zafi har saiwa tana dahuwa a ciki. Gara ta samu busasshiyar ƙasa ta shigo ta ko'ina. Layin rumman da na yi wata da watanni ina lallaɓawa, a mako guda ya koma tsinke. Maƙwabtana biyu a sana'ar nan suka tattara suka koma tuƙin adaidaita. Ni na rage abin da zan iya ragewa, na ja sauran ƙarƙashin rumfar zana, ina ba su ruwa da kofi kamar masu jinya.

Ana cikin wannan sai ga Alhaji Bukar, babban ɗan Hajiya Falmata, ya zo lambu da kansa. Mutum ne mai sayar da yadi a kasuwa, ba mai yawan magana ba. Muka gaisa, ya zauna a kan kifaffen bokiti yana juya hularsa a hannu.

Ya ce, "Malam Sabi'u, an sayar da gidanmu."

Na ce, "Na Soron Ɗinki?"

"Shi. Magada sun yi yawa, gida ɗaya ba ya rabuwa. Wanda ya saya rushewa zai yi ya yi ginin zamani. Ya ba mu zuwa bayan Sallah. Hajiya za ta dawo wajena. Ba ta yi maganar ɗakinta ba, ba ta yi maganar rijiya ba, lallen nan kawai take tambaya."

Na ce ai abu mai sauƙi ne, ga 'ya'yansa nan birjik a gidajen 'yan'uwansa mata, sai a yanko daga can in damina ta zauna. Ya girgiza kai. Ya ce ya bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Wata an shafe tsakar gidanta da siminti, wata akuya ta cinye, wata gidan haya take an hana ta dasa komai, wata ta tashi ta baro shi, sabon mai gidan ya sare. Ashe duk rassan da na yi shekaru ina rainawa babu ko ɗaya a raye. Uwar ce kaɗai ta rage, ita ma ga magina na jiran ta.

Tumɓuke tsohon lalle irin wannan a tsakiyar zafi kashe shi ne, wannan ban ma kawo shi a raina ba. Na ce a yanko min rassa gobe. Washegari na je soro aka miƙo ƙunshi a farin ƙyalle kamar kullum. Na kawo, na zaɓi wuri mafi sanyi a rumfa, na kafa. Ba su yi toho ba, suka bushe a tsaye. Na koma aka sake yankowa, na sake kafawa, na rufa musu leda don su riƙe laima. Suka bi 'yan'uwansu. Ga azumi ya kama, kwana yana tafiya.

A karo na uku, da na kwance ƙunshin a soron tun kafin in tafi, sai na kankare ɓawon reshe ɗaya da farce. Maimakon in ga kore mai ruwa, sai na ga ya yi fari-fari, ya fara yaushi. Na shinshina ƙyallen. A nan na gane abin da na yi shekaru ina shaƙa ban lura ba. Na ɗaga murya na ce, "Hajiya, yaushe aka yanki rassan nan?"

Ta ce, "Jiya da la'asar."

"A ina suka kwana?"

"A ɗakina mana, a ina za su kwana? Abin da zai bar gida ai ba a fitar da shi haka nan kamar shara. Sai an zage ganyen an adana, a naɗe shi, in yi masa addu'a, a turara shi tare da ƙyallen. Haka uwar mijina take yi, haka na tarar."

Kun ji fa. A kan kaskon turare ake ɗora ƙunshin, kamar yadda suke turara kayan amarya. Shekarun baya da damina ake yi, iska da laima, lalle kuma yana da taurin rai, sai ya jure. Amma a wannan zafin, reshen da aka yanka da la'asar, aka tsige masa ganye, ya kwana yana shan hayaƙin garwashi, kafin ya iso hannuna ya riga ya gama. Dariya ta zo min, tausayi ya danne ta. Ta yaya zan ce wa tsohuwa girmamawar da take yi wa abin ce take kashe shi?

Na ce, "Hajiya, turaren nan naki ko mutum ya samu ya gode. Sai dai bana zafi ya yi yawa, reshen yana isowa a gajiye. In da hali, ina so in gan shi a jikin uwarsa."

Na ɗauka na yi laifi. Can sai na ji ta ɗaga murya tana cewa matan gida su gyara, namiji zai shigo. Sannan ta ce, "Shigo, ɗan Ilu. Gidan da za a rushe, me ya rage a ɓoye?"

Na cire takalmi na bi ta soro na biyu, na ratsa wani ɗan lungu mai duhu, sai ga ni a tsakar gida. Fili ne mai faɗi, an share shi tas, ɗakuna na ƙasa sun kewaye shi, ga rijiya a tsakiya da bakinta ya sha igiya har ya yi gurbi. An fara ɗaure kaya, tabarmi a naɗe, tukwane a kife. A kusurwar gabas, inda suke alwala ruwan ya gangara, nan lallen yake. Na san 'ya'yansa fiye da yadda na san 'ya'yan maƙwabtana, amma ban taɓa zaton haka yake ba. Ya fi katanga tsawo, gindinsa ya murɗe ya yi kauri, ƙasan duk an tsige ganyen iya inda hannun mace yake kaiwa, saman kuwa ya yi fure fari yana ƙamshi. Hajiya tana zaune a kan kujera 'yar tsugune a gindinsa, 'yar ƙaramar tsohuwa, idonta ya fara hazo. Ni da na yi zaton mai wannan muryar ƙatuwa ce.

Ta ce, "To ga shi. Ka gaishe shi, ya girme ka."

Na duba rassan sama na ga akwai masu lafiya. Amma na riga na san a wannan yanayin ko da asuba na yanka da hannuna, ba lalle ne su kama ba, kuma ba ni da damar sake gwaji. Sai na tuna wani aiki da Baba Ilu yake yi wa lemo da gwaiba in sun ƙi kamawa, shi ɗauri kawai yake ce masa. Ba a raba reshe da uwarsa. Za ka zaɓi mai lafiya, ka zare ɓawonsa zobe guda kamar faɗin yatsa, ka kankare santsin da ke ƙasa, ka dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa da garin katako a wurin, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Reshen yana shan ruwa daga uwarsa, yana yin saiwa a cikin ƙunshin. Sai ya yi saiwar sannan a yanke shi. Aibinsa ɗaya, yana cin lokaci, mu kuwa lokacin ne ba mu da shi.

Aka kawo min turmi na taka. Na yi ɗauri a duk reshen da na yarda da shi, na lulluɓe kowanne da tsumman buhu don rana. Hajiya tana ƙasa tana tambaya me nake yi yanzu, ina gaya mata. Da na sauko ta ce, "Wato shi ma ba zai fita ba sai ya shirya." Na ce haka ne. Ta ce, "Ya fi ni gata."

Sallah ta zo ta wuce. Na je na taɓa ledojin, babu komai. Mutanen gida suka kwashe, aka tafi da Hajiya gidan Alhaji Bukar can bayan Kabuga. Alhaji Bukar ya je ya sami wanda ya sayi gidan ya roƙe shi. Mutumin ya ce shi ba zai iya tsayar da magina ba, ya riga ya yi magana da su, amma zai ce su fara ta wajen soro, su bar kusurwar gabas sai ƙarshe. Allah Ya saka masa, iyakar abin da zai iya ke nan.

Haka na riƙa zuwa kullum da safe da jarkar ruwa a bayan keke, ina tarar da gidan yana raguwa. Yau babu soro, gobe babu ɗakin da ke kusa da shi, an tara azara a gefe. Gidan da na yi shekaru ban wuce ƙofarsa ba, ga shi kowa yana ratsawa ta ciki, har masu tallan rake. Lallen yana tsaye shi kaɗai da ƙulle-ƙullensa, ƙurar rusau ta rufe shi. In zuba masa ruwa a gindi, in yayyafa wa ganyen. Shugaban maginan, wani mai faɗa da kowa, da farko yana min kallon mahaukaci. Amma da na ba shi labari, daga ranar sai na riƙa tarar da gindin a jiƙe, ashe in sun ɗebo ruwan aiki yana sa a zuba masa bokiti guda.

Ranar da ya ce min, "Malam, jibi za mu zo nan, ba yadda zan yi," a daren aka yi ruwan farko na kirki. Da safe na je na ɗaga tsumman buhun ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu babu komai, wasu ma tururuwa ta shiga. Amma a biyu, ta cikin ledar, na hango fararen zare sun kewaye ƙasar. Na ciro askar Baba Ilu na yanke su. Ban tsaya ganin saran uwar ba, ban kuma bi ta lungun ba sai da aka gama ginin.

Na kawo su lambu na dasa a manyan tukwane, na ajiye a inuwa. Ɗaya ya yi kwanaki yana jan rai ya tafi. Ɗayan ya zubar da ganyensa kaf, ya tsaya tsirara, ina zuwa ina dubawa ba na taɓa shi. Sai da damina ta yi nisa sannan wata safiya na ga ɗan jan toho a gaɓa, washegari wani. Na ƙara masa lokaci har na tabbata ba yaudara ba ce, sannan na ɗora tukunyar a adaidaita na nufi gidan Alhaji Bukar.

Gida ne mai kyau, bene, ko'ina an shimfiɗa bulon tsakar gida har bakin katanga. Wannan karon ba a tsayar da ni a waje ba. Na tarar da Hajiya a falo a kan darduma, ta ƙara ƙanƙancewa. Na ajiye tukunyar a gabanta. Ta lalubo da hannu, ta bi reshen daga ƙasa zuwa sama, ta tsinki ganye ɗaya ta murje shi a yatsu ta kai hanci.

Ta ce, "Shi ne."

Alhaji Bukar ya ce zai sa a ɗaga bulo a bayan gida a dasa mata. Ta ce a'a. Ta ce, "Bukar, kai ma nan ba zama za ka yi ba, 'ya'yanka sun fara maganar Abuja. In na mutu wa zai tuna da shi? Ɗan Ilu, mayar da shi lambunka. Ka sa shi a ƙasa, ba a tukunya ba."

Na ce, "Hajiya, irin gidanku ne. Mu ba ma riƙe na mutane."

"Ni na ba ka riƙo. Duk 'yar gidanmu da za ta yi aure, a turo ta wajenka." Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Turaren kuma na yafe, tunda ka ce ba ya so."

Ashe ta gane tun ranar. Ba ta ga damina ta gaba ba, Allah Ya yi mata rahama.

Shi ne lallen da kuke gani can kusa da rijiya, wanda na kewaye da ƙaya, wanda ɗayanku ya tambaye ni jiya me ya sa ba na yankansa in sayar. Shekaru suka wuce ba wanda ya zo, har na fara tunanin al'adar ta bi tsohuwar. Sai bara da farkon damina wata mota ta tsaya, wata yarinya ta fito da mahaifiyarta. Daga Legas suke, Hausarta ma tana ɗan karkacewa. Jikar ɗaya daga cikin 'ya'yan Hajiya ce, an sa bikinta bayan Sallah.

Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, an ce a wajenka ake karɓar lallen gidanmu."

Na kai ta gindinsa, na nuna mata gaɓa, na ba ta askar ta yanka da hannunta. Na cika leda da ƙasa ta kafa, na gaya mata ta bar shi a nan sai ya kama in aika mata. Ta tsaya tana kallon bishiyar, ta shafa gindinta. Sannan ta juyo ta ce, "Baba, ni ban taɓa ganin gidan ba, ina jaririya aka kai ni sau ɗaya. Mama ma ta ce ta manta da yawa. Kai ka san shi?"

Na ce na san shi.

"Yaya yake?"

Sai na kifa mata bokiti na ce ta zauna. Na fara mata tun daga soro.